Gorar tarar ruwan lagireto a MGB: abin da na gani bayan wata huɗu

Motar da nake magana a kanta MGB ce ƙirar 1972, gadon mahaifina, irin ƙananan motocin nan masu kujera biyu da aka riƙa ƙerawa a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980. Ranar Asabar kaɗai nake fito da ita a nan Kaduna. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da na kashe inji sai ta zubo da ruwa ta ɗan tiyon da ke wuyan lagireto, kamar jinjiri ya ƙoshi ya yi tumbuɗi. Washegari in cika, ta sake zubarwa.

Ashe har da laifina. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, wajen kashi 4 cikin 100, kuma motar kusan lita 6 take sha, ka ga wajen kofin shayi guda ke nan da ba shi da wurin zama. MGB na wancan lokacin ba su zo da gorar da rarar ruwan zai koma ba, sai na ƙarshe-ƙarshe. Ni kuwa kullum sai na cika lagireto har baki. Ga shi da an kashe inji, fanka da famfon ruwa sun tsaya, zafin da ke jikin ƙarfe ya afka wa ruwan da ke tsaye.

Shi ya sa na yi odar gorar alminiyom mai cin lita ɗaya, da tiyo da murfin lagireto mai roba biyu. Aikinta ba wuya: ruwa ya kumbura ya shiga gora, inji ya huce ya zuƙo abinsa ta wani ɗan bawul da ke jikin murfin. Gorar kanta ba ni da ƙorafi a kanta, waldarta ta yi kyau, ba ta yoyo. Tiyon ne siriri mai laushi, ya lanƙwashe a makon farko, na canza shi.

Murfin ne ya so ya ja mini asara. Wuyan lagireto ba tsawonsu ɗaya ba, kuma wanda suka haɗo mini gajere ne, bai kai ya danne bakin ƙasa ba. Takardar da ke cikin kwalin ko kalma ɗaya ba ta ce a kan haka ba. A gosulon Kawo na gane kurena, tururi ya turnuƙe bonet, 'yan acaɓa suna ta yi mini sannu. Bakanikena yana duba murfin ya ce, “Yallaɓai, ai wannan ado kawai ka ɗora mata.” Gaskiya ya faɗa. Murfi mai matsin psi 10 (psi ma'aunin matsi ne), irin wanda motar ta zo da shi, yana hana ruwa tafasa sai wajen digiri 115. In bai matse ba, a digiri 100 ko ƙasa da haka zai tafasa. Allah ya taimake ni gaskit bai ƙone ba.

Da muka samo murfin da ya dace, tumbuɗin ya tsaya cak. Amma allurar gejin zafi ta ci gaba da hawa a zafin Afrilu, duk da a tallar an rubuta wai gorar tana maganin zafin inji. Ba ta yi. Zafin nawa daga wani wuri yake: bututun lagireto sun toshe da tsatsa da gasarar ruwan rijiya na shekaru, sannan wani ya cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, tun zamanin Baba, al'adar nan ta garejinmu da na kasa gane hikimarta. Sai da aka buɗe lagireton aka tsokace shi bututu bayan bututu, aka sa tamostat mai buɗewa a digiri 74, wanda aka tanada don ƙasashe masu zafi, aka ɗaure fanbel, muka zuba kulan (ruwan maganin sanyaya inji) rabi, tataccen ruwa rabi.

Wanda zai saya, ya auna zurfin wuyan lagiretonsa tukuna, ya kuma tabbatar bakin tiyon ya nutse har gindin gorar, in ba haka ba iska inji zai zuƙa. Makon jiya na je Zariya na dawo da rana tsaka. Da safe na leƙa gorar, ruwan yana nan a daidai layin da na zana masa da jan fenti.