Tef ɗin awon damtse: amfaninsa da iyakarsa

Lokacin da aka sa dokar kulle ta korona a Kano a watan Afrilun 2020, zuwa awon yara ya tsaya mana cak. Ɗana yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, an kusa yaye shi, ga abinci ya yi tsada. A wannan tsakanin ne wata ma'aikaciyar lafiya ta unguwarmu ta ba ni tef ɗin awon damtse, wanda su suke kira MUAC, ta nuna mini yadda ake aiki da shi.

Siririn abu ne mai launi uku. Ana zagaya shi a damtsen hagu, daidai tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. In ya nuna kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, babu alamar tamowa. Ɗorawa, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, ta fara shiga. Ja kuwa, ƙasa da 11.5, sai asibiti ran nan, ko da kulle ko babu. Na yara 'yan wata 6 zuwa 59 ne. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya buƙatar karatu. Surukata ma da ba ta yi boko ba ta iya shi nan take. Ashe tun kafin korona ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA ta gwada bai wa iyaye mata shi a Mirriya ta jihar Damagaram a Nijar, aka ga suna aunawa daidai.

Sai dai yana son hannu mai natsuwa. Ka ja shi da ƙarfi ya tsorata ka a banza, ka sassauta ya yi maka ƙarya. Yaro mai wutsil-wutsil kuma sai an bari ya yi barci ko yana kan nono. Nawa ya karye a wurin da nake naɗe shi, lambobin suka fara gogewa, don haka gara a rataye shi a ƙusa.

Inda ya gaza ya fi damuna. Kore ba ya nufin yaro na girma yadda ya kamata. Ba ya auna tsayi, alhali yaro kan tsumbure damtsensa na kore. Ba ya kama kumburin tamowa; wannan sai ka danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, in rami ya zauna to akwai matsala. Balle tafiya da magana: yaron da ya kai wata 18 bai taka ba, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, tef bai san da shi ba.

Ni dai da aka sassauta kulle na koma awo da katinsa, amma har yanzu ina ɗauko tef ɗin duk sanda gudawa ko zazzaɓi ya kwantar da yaro.