Littafin jagorar Istanbul da ke sauke mutum a filin jirgin da aka rufe tun 2019

Taurari biyu na ba shi cikin biyar, ɗayan ma albarkacin taswira ne. Littafin jagorar Istanbul ne, irin mai kaurin nan na Turanci da ba ya shiga aljihu, an manna masa 'yar takarda ja a bango wai sabon bugu. Kuɗinsa kuwa ba sai na faɗa ba, kun san yadda littattafan waje suka koma tunda dala ta tashi.

Ɓarnar tana shafin da matafiyi zai fara buɗewa, wato yadda ake fita daga filin jirgi a shiga gari. Littafin cewa ya yi da ka ɗauki jakarka ka gangara ƙasa ka hau jirgin M1A, ka sauka a Zeytinburnu ka canja zuwa jirgin kan titi na T1 har Sultanahmet, ko ka zarce Aksaray. Kwatancen babu kuskure ko ɗaya, sai dai na filin jirgin Ataturk ne, wanda aka daina sauke fasinjojin kasuwa a cikinsa tun Afrilun 2019. Duk wanda ya taso daga Abuja ko Legas yau, sabon filin da ke Arnavutkoy zai sauka, can arewa wajen Bahar Aswad, tafiyar fiye da kilomita 40 daga tsohon gari. Babu M1A a wurin, ko hanyarsa ba ta bi ta nan ba. Abin da ke ƙara rufe wa mutum ido shi ne lambar IST, wato alamar filin jirgi da ake rubutawa a tikiti: da ta Ataturk ce, da aka yi ƙaura sai aka mayar da ita kan sabon filin. To tikitinka ya ce IST, littafi ya ce IST, ta ina za ka yi zargi? Sai ka tsaya da akwatuna biyu kana nuna wa ma'aikaci shafin littafi, shi kuma yana girgiza kai.

Ga abin da ya kamata shafin ya ƙunsa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na sabon filin M11 ne, ya fara aiki a Janairun 2023 zuwa Kagithane, aka ƙarasa shi Gayrettepe a Janairun 2024. A Gayrettepe ake canjawa zuwa M2, wanda ke bi ta Osmanbey da Taksim ya tsallaka ruwa zuwa Vezneciler da Yenikapi. Mai masauki a Laleli, unguwar shagunan sari, Vezneciler ce tasharsa. Amma canjin Gayrettepe ba wasa ba ne, tashar M11 tana da zurfi sosai, kuma akwai doguwar tafiyar ƙasa tsakanin layukan biyu. Mai kaya masu nauyi ko mai tafe da tsohuwa gara ya nemi motar Havaist, wato bas ɗin filin jirgi, mai zuwa Aksaray, a zuba kayan a ƙasan mota, a zauna wuri ɗaya. M11 kuma ba ya kwana yana aiki, don haka wanda ya sauka tsakar dare motar ce ko tasi. Duk wannan ko layi ɗaya babu a littafin.

Sai daga baya na duba shafin ƙananan rubutu da ke bayan shafin take, wanda ba wanda ke karantawa. Can aka rubuta shekarar bugun asali, 2018, sannan a ƙasa shekarar da aka sake bugawa. Sake bugawa daban, sabuntawa daban. Na farko tsohon rubutu ne a sabuwar takarda, na biyu shi ne a tura mutum ya sake taka garin ya gyara. Kuma ko littafin da aka sabunta da gaske, binciken da ke cikinsa ya girmi ranar fitowarsa da watanni, wani lokaci da shekara. Wato abin da na saya labarin Istanbul ne na wajen 2017.

Da zarar ka gane haka, sauran kurakuran ba sa ba ka mamaki, sai dai haushi. Ayasofiya a littafin gidan tarihi ce mai tikiti da ranar hutu. An mayar da ita masallaci tun Yulin 2020, kuma daga Janairun 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan yuro 25 ya hau bene ta wata ƙofa daban, mai zuwa salla kuma ya shiga ƙasa kyauta. Wanda bai san wannan ba, zai bi dogon layin masu kallo alhali azahar ya zo yi. Farashi kuwa, a yafe shi gaba ɗaya. Lokacin da aka rubuta shi dala ɗaya ba ta kai lira 4 ba, a farkon 2024 ta haura 30. Duk adadin da ka gani na otal, na tasi, na kwanon abinci, tatsuniya ce. Wanda ya yi kasafin guzuri da waɗannan lambobi, kuɗinsa zai ƙare a kwana na biyu.

Duk da haka, kada in ci haƙƙinsa. Taswirar da ke naɗe a bangon baya ta yi kyau ƙwarai, an shafe ta da roba, ruwan sama ba ya cinta, kuma lungunan tsohon gari ba sa ƙaura kamar filin jirgi. Tashoshin T1 a jere suke yadda suke a ƙasa: Aksaray, Laleli, Beyazit, Cemberlitas, Sultanahmet, Gulhane, Sirkeci, Eminonu. A cikin Babbar Kasuwa mai rufi, inda alamar waya ke rikicewa tana tsalle daga wannan layi zuwa wancan, takardar ta fi waya amfani nesa ba kusa ba. Ranakun hutun da ya bayar na manyan wurare har yanzu suna nan: fadar Topkapi Talata, fadar Dolmabahce Litinin, Babbar Kasuwa Lahadi. Bayanin masallacin Sulaimaniyya da magini Mimar Sinan ya kammala a 1557 ya isa a karanta shi a zaune a harabar. Akwai kuma rabin shafi kan furucin Turkanci wanda ya fi yi wa Bahaushe amfani fiye da Baturen da aka rubuta dominsa: harafin c nasu j ne, shi ya sa cami, wato masallaci, jami ake cewa, ba yadda idonmu ya saba karantawa ba, mai ɗan wutsiya a ƙasa, ç, shi ne c ɗinmu, ş kuma sh. Da a nan littafin ya tsaya, da na ce taurari uku.

To amma sai ka nemi abin da ya kai yawancin mutanenmu garin, ka ga wayam. Laleli layi biyu aka ba ta, a matsayin unguwar da ba a ba da shawarar kwana. Merter, wata unguwar sarin, ko a fihirisa ba ta fito ba. Babu ko kalma kan shagunan sari, ko ofisoshin kago da ke auna kaya da kilo, ko cewa yawancin shagunan nan Lahadi a rufe suke. Eyup Sultan, inda kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, rabin shafi, shi ma rabinsa kan gidan shayin da ke saman tudu. Mashaya da wuraren rawa kuwa shafuka fiye da goma. Sashen biza na masu fasfon Turai da Amurka ne zalla, mai koren fasfo bai samu ko gaisuwa ba. Wannan ba tsufa ba ne, tun asali ba mu aka rubuta wa ba, kuma sabon bugu na gaskiya ma ba lallai ya gyara shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yanzu 'yar jar takardar nan ce ta bango. Mai shagon da na koma wa cewa ya yi shi ma haka aka kawo masa, kuma an riga an warware taswira, ba a karɓar kaya. Wanda zai sayi irinsa ya sa a cire masa leda kafin ya biya, ya duba shekarar bugun asali a shafin ƙananan rubutu, ya buɗe fihirisa ya nemi M11 ko Havaist, sannan ya karanta layin farko na Ayasofiya. In ya ga gidan tarihi, ya mayar kan kanta. Nawa dai na yanke taswirar da shafin furuci da reza na sa a jakar fasfo, sauran shafuka ɗari huɗu da wani abu suna ƙarƙashin fanka mai girgiɗi.