Motocin sola na yara da na yi oda daga Legas: sun yi gudu, amma sai da suka hana ni barci

Mai kayan ya rubuta ɓaro-ɓaro a shafinsa na Instagram cewa ba sa buƙatar dalma, yaro ɗan shekara 8 zai haɗa su da hannunsa. Wannan maganar ce ta ja ni. Ni ke kula da ɗakin gwaje-gwajen lantarki a tsangayarmu ta injiniyanci a nan Sakkwato, kuma da aka tsai da ranar da za a gayyato 'yan firamare da ƙaramar sakandare su zo jami'a, teburin sola ya faɗo kaina. A kwamiti mun ce bana ba za a jera na'urori bayan igiya ana cewa kar a taɓa ba. Kowane tebur ya zama abin da yaro zai kama, ya haɗa, ya ɓata in ta kama, cikin minti 15 kafin rukuni na gaba ya iso. Shi ya sa na yi odar 'yan motoci 30, kowace da farantin sola, ɗan inji, giya da tayoyi huɗu.

An ce mini kwana uku. Sai da suka yi takwas. Ranar Laraba bayan la'asar direba ya kira, na hau kabu-kabu na ɗauko kwalin a tasha, taro kuwa Alhamis da safe.

Da na buɗe a gida sai na yi salati. Farantan nan tsirara suke, ba waya ko ɗaya a jikinsu, sai 'yan ɗigon tagulla biyu a baya. Injinan ma haka. Wayoyin kuma an tattara su an ɗaure cikin wata leda daban, ja da baƙi, kamar kayan miya. Na zauna na yi lissafi: biyu a faranti, biyu a inji, sau 30, wuri 120 ke nan da za a liƙe da dalma kafin gari ya waye. Na kira mai kayan bai ɗauka ba. Can bayan magariba ya turo saƙon murya, wai ai abu ne mai sauƙi, in naɗa wayar kawai a jiki za ta kama. A jikin me? Ɗigon tagullan shafe yake, ba rami ba ƙugiya. Ko ni da wannan ne aikina ba zan iya ba, balle yaron aji huɗu.

Ofis an rufe, ba mai tayar mini da janareto a wannan lokacin, unguwarmu kuma an ɗauke wuta tun safe. Sai na tuna da wani yaro mai gyaran waya a Mabera, wanda ke aiki da batir da nasa farantin a kan rufin shago. Na same shi yana shirin rufewa. Ya juya faranti ɗaya, ya dube ni, ya ce, “Malam, wanga aiki ba ƙarami ba na.” Amma ya jawo benci. Shi yana liƙi, ni ina feƙe bakin waya ina miƙa masa, har kusan ƙarfe ɗaya na dare. Shi ne ma ya lura wasu farantan ba su da alamar da ke nuna gefen da jar waya za ta hau. Ya riƙa haska su da tocilan yana aunawa da mita ɗaya bayan ɗaya. Ba don shi ba, da rabin motocin da baya za su riƙa tafiya, don in aka juya wayoyin, injin ma juyawa yake yi. Da gangan muka bar biyu a juye, na ce gobe yara su gano dalili da kansu. Kuɗin da na ba shi daga aljihuna ya fito, kuma har yau ina jin bai kai wahalarsa ba.

Da safe wani abin ya taso, amma wannan laifina ne, ba zan ɗora wa mai kaya ba. An ba ni tebur a cikin zaure, ƙarƙashin fitilu, taya ko motsi ba ta yi ba. Rana tsaka, in sama ta washe, tana zubo kusan wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita. Hasken fitilar ɗaki bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Na san haka sarai, gajiya ce ta sa ban yi tunani ba. Muka kinkimi tebur zuwa gindin dogon yaro, muka shimfiɗa katako a fili inda rana ke duka.

To, a nan zan faɗi gaskiya. Motocin nan sun yi gudu. Yaro na ajiye tasa sai ta ɓalle, shi kuma ya bi ta da ihu. Malaman da suka rako su ma suka tsuguna suna tsere. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗora yatsa a ƙarshen farantin, mota ta tsaya cak. Ta ɗaga, ta tafi. Ta maimaita ya fi sau biyar, sannan ta ce, “Malam, don mi in na ruhe ɗan wuri guda sai ta tsaya duka?” Na nuna mata layukan da ke jikin farantin. Ƙananan gidaje ne goma, kowane yana ba da kusan rabin bolt, wato ma'aunin ƙarfin wutar lantarki, an jera su kamar 'ya'yan carbi don su taru su kai bolt 5. Wutar dole ta ratsa kowane gida, in ɗaya ya shiga inuwa ya tare wa sauran hanya. Ta ce ashe shi ya sa babanta ke share ƙurar farantinsu na gida lokacin hunturu. A lokacin da an ce in ba da tauraro, biyar zan bayar, na ma manta da daren jiya.

Sai rana ta take. Kun san Afrilun Sakkwato, zafi ya wuce digiri 40 ba labari ba ne. Na san faranti in ya ɗau zafi ƙarfinsa na ɗan raguwa, wannan ba komai. Abin da ban zata ba shi ne robar. 'Yar giyar da ke bakin inji ta saki, inji na ta kuka, taya na tsaye. Gangar jikin wasu ta lanƙwashe kamar an sa ta kusa da murhu. Kafin azahar tara sun mutu, rukunin ƙarshe sai yara uku uku suka raba mota ɗaya, har da masu kuka. Abin da aka ce na rana ne, rana ta kashe shi cikin awa uku. A lokacin ne kuma na tuna leda huɗu ba sandar taya a ciki, da tsinken tsire muka maye su tun da dare.

Abin haushi, teburin da ke kusa da ni sirinji ne kawai na kemis, babba da ƙarami, da robar ƙarin ruwa da kwali. Sun yi hannu mai ɗaga kofi da matsin ruwa, suka yini ba abin da ya lalace.

Tauraro biyu cikin biyar na ba kayan nan. Farantan da injinan suna da kyau, na cire su na adana, baɗi kafinta zai yi mana gangar jiki ta katako. Mai kayan na tura masa hotuna, ya ce zai yi mini ragi in na sake saye. Sandunan taya huɗun kuma ya ce suna hanya, yau mako uku.