Ra'ayina kan wani garejin gyaran tsofaffin injinan yankan ciyawa a Damagaram

Injin yankan ciyawa ba kayan kowa ba ne a Damagaram, domin in ba otal-otal da gidajen ma'aikatu ba, kaɗan ne ke da ruwan rainon ciyawa. Shi ya sa garejin nan da ke kusa da Kasuwar Dole ya cancanci a san da shi, ko da yake yawancin aikinsa gyaran janareta da injin ban ruwa ne.

Na sayi tsohon injin yankan ciyawa na hannu a wurinsa, mai injin Briggs & Stratton, kamfanin Amurka da aka kafa a 1908. Kafin mu yi ciniki, maigarejin ya cire buji, wato abin da ke ba da tartsatsin tayar da inji, ya karkatar da injin ta yadda matatar iska ke sama don kada baƙin mai ya malala cikinta, sannan ya juya wuƙar da hannu ya nuna mini cewa sandar da ke riƙe da ita ba ta lanƙwashe ba. "Alhaji, a garin duwatsu irin namu, nan ake fara dubawa," in ji shi. Ya wanke karbirato, wato mahaɗar esansi da iska, inda tsohon esansi ya daskare kamar ƙaro, ya kuma jiƙa soson matatar da ɗan mai saboda ƙurar hunturu.

Aikinsa na da kyau, kuɗinsa kuma babu tsawwalawa. Inda ya gaza shi ne cika alƙawari, domin kayan gyara daga Kano ake kawo su, kuma ranar da ya sa maka ba ita ce ranar karɓa ba.