Gyaran tsohon Littafi Mai Tsarki na gida a wani shagon ɗinkin littattafai a Jos

A gidajen Kirista da yawa na Filato da Kudancin Kaduna, fararen shafukan farkon Littafi Mai Tsarki su ne rajistar iyali, domin a nan kakanni suka rubuta ranakun haihuwa, baftisma, ɗaurin aure da rasuwa, a zamanin da ba kowane ƙauye ake samun takardar haihuwa ba. Namu fassarar Hausa ce ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, ƙungiyar masu wa'azi ta cocin Anglican, ya yi aiki a kanta, kuma bangonsa ya rabu da jikinsa, gara ta ci gefe ɗaya, shi ya sa muka kai shi wurin wani dattijo mai ɗinkin littattafai a Jos.

Ta fuskar ɗinki, aikinsa abin yabo ne. Ya warware littafin ƙunshi-ƙunshi, ya ɓare tsohon salatif ɗin da ya bar tabon ruwan ƙasa a kan sunayen, sannan ya sake ɗinke shi da zare da hannu, ta yadda yanzu yana buɗuwa ya kwanta ba tare da an danne shi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙin da ya yi na datse gefunan takardun da injin yanka, kamar yadda masu gaggawa kan yi don littafi ya fito sumul, saboda ya lura kakarmu ta rubuta sunayen jikokinta a gefen Zabura da fensir. Sabon bangon jar fatar akuya ce, aikin dukawa, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba.

Inda na yi ƙorafi shi ne shafin aure, wanda ya rufe da leda mai zafi ba tare da ya tambaye mu ba. Tawadar ta ɗan baje a ƙarƙashinta, ledar ba ta ɓaruwa, kuma ba sauran damar ƙara suna a wurin. Katunan baftisma da ke cikin littafin ma ya tattara su a ambulan guda, alhali kowanne yana da shafin da mai shi ya ajiye shi.

Duk wanda zai kai masa nasa, ya fara ɗaukar hoton kowane shafi mai rubutun hannu, ya cire takardun da ke ciki, ya kuma faɗa masa tun farko cewa ba ya son leda.