Wata shida ina shan bitamin C da E saboda bushewar baki

An yi min gashin radiyoterafi a wuya sau 33, kwana biyar a kowane mako, saboda ciwon daji a maƙogwaro. Tun mako na biyu yawuna ya fara kauri yana yauƙi, kafin a gama kuwa baki ya ƙafe ƙaf. Likita ya ce hasken da ake gashin da shi yana ratsa maɓuɓɓugan yawu, musamman manyan biyun nan da ke gaban kunnuwa, su kuma ba sa jure masa. Mai lafiya yakan fitar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana. Ni kuwa sau huɗu, sau biyar nake farkawa cikin dare, harshe ya manne a ganɗa.

Ƙanwata ce ta kawo min kwalabe biyu na bitamin C da E tun ana tsakiyar gashin, wai ta ji suna kare jiki daga lahanin hasken. Allah ya sa na nuna wa likita kafin in sha. Ya ce in ajiye tukuna, kuma hujjarsa ta shige ni. Gashin yana kashe daji ne ta hanyar haifar da wasu sinadarai masu lalata ƙwayoyin halitta, bitamin ɗin nan kuma aikinsu ke nan, share waɗannan sinadaran. To wa ya ce lafiyayyen nama kaɗai za su kare? Ya ba ni labarin binciken da aka yi a Kanada kan mutum 540, aka wallafa a 2005. Waɗanda suka sha bitamin E mai yawa lokacin gashi, ciwon ya fi dawo musu, musamman masu shan taba.

Sai da aka gama da wata biyu ya yarje min, ya kuma ƙayyade adadin.

Gaskiya ban ga abin a zo a gani ba. Ƙwayar bitamin E mai santsi ce, amma a busasshen maƙogwaro liƙewa take yi, sai na kora da rabin kofin ruwa. Bitamin C ɗin kuma na taunawa ne, nan na yi kuskure. Tsaminsa ya riƙa yi min raɗaɗi kamar an barbaɗa gishiri a miki, likitar haƙori kuma ta ce in daina nan take, don babu yawun da zai wanke tsamin, haƙora ne za su zaizaye. Na koma na haɗiya.

A wata na huɗu na fara jin ɗan danshi da safe. Bitamin ne? Ba zan rantse ba, domin tun farko an gaya min maɓuɓɓugan sukan ɗan farfaɗo da kansu cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Abin da na ga aikinsa ido da ido shi ne cingam marar sukari, da feshin yawun roba kafin barci, da ƙwayar pilocarpine mai miligiram 5, maganin da ke ƙara yawu, duk da gumin da take sa ni har riga ta jiƙe. Man goge baki mai fuloraid ma ya zama dole.

Idan kwalaben nan suka ƙare ba zan sayi wasu ba. Yanzu sau ɗaya nake farkawa, gorar ruwa dai tana nan a gefen matashi.