Paraportiani ko ƙubbobin Oia: wanne ya fi a tsayawar jirgi?

Anti, kin ce jirgin ruwanku na yawon buɗe ido zai tsaya a tsibiran Mikonos da Santorini a ƙasar Girka, ga ciwon gwiwa, kina tambayar wace majami'a ta cancanci wahalar. A ganina Panagia Paraportiani ta Mikonos ce.

Tana unguwar Kastro, dab da bakin teku. An fara gina ta a 1425, ba a kammala ba sai ƙarni na 17. Majami'u 5 ne aka haɗe, 4 a ƙasa ɗaya a bisansu, shi ya sa ɓangarorinta ba su yi daidai da juna ba. Farar ƙasar da ake ta shafa mata shekara da shekaru ta sa ta yi kama da ginin laka da aka lailaye da hannu. Ko jirgi ya tsaya a sabuwar tashar Tourlos, kimanin kilomita 2 ne zuwa gari, kuma akwai ƙaramin jirgin da ke kai mutane tsohuwar tasha. Daga nan 'yar tafiya ce a ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Sai dai galibi a kulle take, daga waje za ki gan ta. Ki ɗaure mayafi da kyau, iskar Mikonos ba ta da kunya.

Santorini kuwa aiki ne ja. Jirgi ba ya matsowa gaɓa, a ƙananan jirage ake kwaso ku zuwa ƙasan Fira, babban garin tsibirin, wanda ke can bisa tudu. Daga nan ko ki bi dogon layin motar igiya mai hawa da mutane sama, ko matakala kusan 600 da alfadarai ke bi, sannan ki hau bas na fiye da kilomita 10 zuwa garin Oia. Shuɗɗan ƙubbobin nan da ke cika hotuna, na majami'un Anastasi da Agios Spyridon, suna da kyau, babu musu. Amma a siririn lungu ake tsayawa, kowa na jiran a ba shi wurin ɗaukar hoto, kuma gine-gine da dama a garin bayan girgizar ƙasar 1956 aka sake tayar da su.

In dai shuɗiyar ƙubba kike so, ki tsaya a Firostefani, kusa da Fira, inda wata majami'a mai shuɗiyar ƙubba da ƙararrawa 3 take. Duk wadda kika samu a buɗe, wurin ibadar mutane ne: a rufe kafaɗa da gwiwa, a sassauta murya.